Baban Yara ta Ɗakin Masu Jego

Aikinta a asibiti shara ne da goge-goge a ɗakin masu jego, amma ba mai kiranta mai shara. Baban Yara ake ce mata, har likitoci.

Gajeriya ce mai jiki, da murya irin ta kwandasta. Ta daɗe tana jan bokiti tsakanin gadaje tana kallon mazan da ke zuwa dubiya: mai shigowa yana kaɗa makullin mota, mai riƙe jariri kamar an miƙa masa garwashi, da mai cewa "mun sha wuya" alhali a gida ya sha barcinsa. Duk ta haddace su.

Wata rana wata mai haihuwar fari ta ƙi cin abinci, sai kuka, don mijinta ko leƙowa bai yi ba. Mai shara ta shige ɗakin ajiye tsintsiya, ta cusa filo a riga, ta zana gashin baki da kwalli, ta fito tana bubbuɗa ƙafa.

"Ina matar tawa? Wash, bayana! Haihuwar nan ta ba ni kashi. Ke, matsa in kwanta!"

Yarinyar ta yi dariya har da hawaye, ta kuma cinye abincinta. Daga nan abin ya zama jiki. Ta ɗauko tsohon kwat ɗin mijinta da hularsa ta ajiye a asibiti. Babbar nas doka ɗaya ta kafa mata: kada ta yi kusa da waɗanda aka yi wa aiki, ɗinki na iya farkewa.

Ana nan aka kawo sabon mai gadi, mai ji da kansa. Ya ji muryar namiji a ɗakin mata tun lokacin dubiya bai yi ba, ya faɗo ya cakumi wuyan kwat.

"Malam, ba ka da kunya? Fita!"

"Kai, ka san ko ni wane ne?" in ji ta, ba ta ko sauya murya ba.

Ya ja ta har bakin ƙofa tana ta gyaran murya irin na maza, masu jego na ihu. Can suka yi kiciɓis da mijinta, direban tasi, ya kawo mata wayar da ta manta a gida.

"Kai! Wannan ai kwat ɗina ne!"

"Ashe ma ɓarawo ne!" in ji mai gadi, ya ƙara girgiza ta. Sai filo ya faɗo tim.

Mijin ya ƙura ido, ya ce a sanyaye, "Sake ta, matata ce."

Mai gadi ya dubi gashin bakin, ya dubi mijin. "Allah ya ba ka haƙuri, malam."

A gida mijin ba zancen kwat ya yi ba. "Wa kike kwaikwayo?"

"Mazan mutane mana, maigida."

"Ƙarya kike, wannan gyaran muryar nawa ne."

Ya yi ta fushi, ko sannunta ba ya amsawa. Da ya huce, sai ga shi da sabuwar hula a leda.

"In dai ni za ki yi, ki yi ni da kyau. Waccan ta koɗe, kada a ce ni matsiyaci ne."

Da ita ta ci gaba da yi har ciwon gwiwa ya sa ta ajiye aiki.