Mai Gangara Ƙarfe a Kan Madubi

A unguwar Bracodi, a rumfar da ake farke matattun firintoci, wata mata mai hijabi ruwan goro tana warware madubi daga cikin tawul. Ba fuskarta za ta duba ba. Sandunan ƙarfen da aka zaro daga firintocin take gangarawa a kansa ɗaya bayan ɗaya, kunnenta a karkace. Wadda ta yi ƙwas-ƙwas sai ta ture ta gefe.

"Hajiya, duk miƙaƙƙu ne fa," in ji mai rumfar.

"Haka ka ce wancan makon, Malam Sadi. Na haɗa injina, na sa kwamfuta ta sassaƙa min da'ira, ga abin da ya fito." Ta ɗaga makullanta, ƙwan katako na lilo a jiki. Har shi sai da ya dara.

Akwai garin katako a girarta. Ina zaton 'yar kafinta ce daga unguwar Treichville, hannun uban ya fara rawa, ita kuma ta ƙi yarda a rufe shagon.

Sandar ƙarfe ta tara ta gangara shiru. Matar ta sake turawa, ta lumshe ido. Sannan ta naɗe sandar a tawul ɗin, madubin kuwa ta jefa shi jaka haka nan.