Ƙugun Wando a Shagon Kawu

Jama'a, a gyara zama, ga babban masanin tattalin arzikin layinmu: Kawu tela, wanda bai taɓa taka ƙofar banki ba. Shekara talatin yana kan keken ɗinki ɗaya, a shagon da in ka yi miƙa sai ka taɓa bango biyu.

Tun da bankunan duniya suka durƙushe, sabon ɗinki ya ɗauke, aikinsa ya koma rage ƙugun wando. In rediyo ta ce gwamnati ta shawo kan matsalar, sai ya harare ta kamar ita ta sace masa allura.

Jiya na kai masa wandona na fita, shi kaɗai gare ni, ya fara zamewa.

"Kawu, ninke sauran a ciki, kar ka yanke. An zuba wa bankuna kuɗi, kwanan nan za su gangaro kanmu. In na yi tumbi sai ka buɗa mini."

Bai ko dube ni ba, ya sa almakashi ya datse.

"Wata takwas ke nan, wando ɗaya aka kawo a buɗa, na manajan banki. Miƙo min zare."