Fuskar Agogon Baffa Siraj

Baffa Siraj mutumin tsohuwar Jidda ne. A Unguwar Teku aka haife shi, cikin wani dogon gida mai tagogin katako wanda ya jingina da maƙwabcinsa kamar mai gyangyaɗi. Sana'arsa tun yana saurayi jagorancin jirage. Idan babban jirgi ya taso daga Jawa ko Indiya cike da alhazai, ba ya iya shigowa tasha shi kaɗai, saboda duwatsun murjani da ke kwance ƙarƙashin ruwa. Sai a tura Siraj cikin kwalekwale, ya hau tsanin igiya, ya tsaya kusa da matuƙi yana nuna masa dama da hagu. Da launin ruwa yake gane hanya. Inda ya yi shuɗi sosai akwai zurfi, inda ya yi kore-kore dutse na kusa. To, launi kuwa sai da rana. Da zarar ta faɗi teku ta zama baƙa ƙirin, jirgi sai ya kwana a waje.

Shi ya sa bai taɓa barin lissafin mutanen da ba, wanda faɗuwar rana ita ce ƙarfe goma sha biyu, a nan yini ya ƙare sabo ya soma. Kowace magariba, ladan na ɗaga murya, sai ya mayar da hannayen agogonsa kan sha biyu. Mai irin wannan lissafi, duk sa'ar da ya dubi hannunsa ya san hasken da ya rage masa. Hukuma ta daɗe da sauya tsari, makarantu suka bi, masallatai suka bi, har tashar jiragen ta bi. Baffa Siraj yakan ce shi ba ya jayayya da hukuma, sai dai ita rana har yanzu ba wanda ya je ya sanar da ita.

Agogon kuwa a hannun wani Bagirike ma'aikacin jirgi ya same shi, musaya suka yi da wani aku mai zagi da harsuna uku. Ƙirar ƙasar Suwizalan ne, na ƙarfe, mai kauri, irin wanda masu nutso ke ɗaurawa, fuskarsa baƙa da fararen ɗigo a maimakon lambobi. Tun da ya ɗaura shi ba ya cirewa sai wajen alwala, inda yake sa shi cikin hularsa ya ajiye bisa dakali. Wurin maɗaurin a tsintsiyar hannunsa ya yi fari kamar fatar jariri. Da shi a hannu ya yi aure, da shi ya karɓi 'yarsa Fa'iza cikin zane, da shi ya sauke matarsa a makwancinta, Allah ya jiƙanta.

Shekaru na tafiya, ranar Bahar Maliya na cin fuskar agogon a hankali. Baƙin ya koma ruwan gahawa, daga baya ya koma launin busasshen dabino. Fararen ɗigon da hannayen suka yi ja-ja kamar bayan burodi, har dai komai ya kusa zama launi ɗaya. Idon Baffa Siraj ma ya kama tasa hanyar. An yi masa aikin yanar ido, ya ɗan samu sauƙi, sannan likita ya ce jijiyar ce ta gaji, wannan ba ta da gyara. Yana ganin fari, yana ganin baƙi, yana ganin abu idan babba ne. Amma ya kawo agogon har kan hancinsa, ba ya ganin komai sai wani dunƙulen ja mai motsi a ciki.

Abu ɗaya ya rage masa tun da ya bar aiki. Kullum bayan la'asar sai ya ɗauki sandarsa ya bi lungu har bakin teku, ya zauna kan wani tsohon ƙarfen ɗaure jirgi. Ba ya ganin jiragen, amma yana jin ƙanshin gishiri da mai, a ransa kuwa yana shigo da su ɗaya bayan ɗaya, da fararen haramin alhazai jere a bakin jirgi, da talbiyya tana biyo iska kafin mutanen su iso. Yanzu sai ya zama dole ya miƙa hannu ga duk wanda ya gifta, a duba masa. Mafi yawa su ce, Baffa, ai agogonka ya lalace. Wasu don tausayi su gyara masa zuwa lokacin hukuma ba tare da sun gaya masa ba. Rannan babu wanda ya gifta. Yana can cikin jiragensa rana ta faɗi, duhu ya rufe masa ido gaba ɗaya, sai wata mai sayar da turare ce ta riƙo hannunsa har ƙofar gida, mutumin da ya yi rayuwarsa yana nuna wa wasu hanya.

Fa'iza malamar makaranta ce, gidan aurenta yana can sabuwar unguwa. Da ta ji, ta zo ta zauna gabansa ta yi kuka ba sauti, ta ce ba zai ƙara zuwa teku shi kaɗai ba sai ranar da ya iya duba lokaci da kansa. Bai yi mata gardama ba. Washegari da hantsi ya tafi shagon Malam Bakur mai gyaran agogo, wanda ya daɗe yana yi wa agogon wanki da mai. Ya kwance shi ya ajiye kan tebur, ya ce a fenta masa fuskar fara, a sa lambobi baƙaƙe manya.

Malam Bakur ya cire madubin da ke maƙale a idonsa ya dube shi.

"Jagora, ka karya kuwa yau? Ko yunwa ce ke magana?"

"Na ci wake da gurasa, na sha shayi biyu. Fenta mini."

"Wallahi hannuna ba zai taɓa ba. Ka ce in yi wa uwata aski ya fi mini sauƙi."

Ya yi masa bayani a tsanake. Masu tara tsofaffin agogo, daga nan har ƙasashen sanyi, irin wannan suke nema ido rufe. Ba sa son wanda aka goge, ba sa son wanda aka sabunta. Suna son wanda rana ta toya fuskarsa da kanta, ta mayar da baƙi ja, don wannan ba a iya yin sa da hannu, kuma ba guda biyu da suka toyu iri ɗaya. Ya ce abin da za a ba shi a kan wannan ya isa ya gyara gidansu tun daga tushe. Baffa Siraj ya ce gidan ya saba da jinginarsa. Malam Bakur ya ce to a cire fuskar a adana, a nemo wata a sa. Aka nema, waɗanda suka dace da cikinsa duk baƙaƙe ne masu ƙananan ɗigo. Shi kuma tsohon ya ce dama bai ce a sa wa agogonsa fuskar wani ba.

A nan Nizar ya shigo maganar. Likitan haƙori ne, mai sanyin hali, yana da akwati mai shimfiɗar ƙyalle cike da tsofaffin agogo, kuma ya daɗe yana roƙon Malam Bakur ya haɗa shi da mai wannan. Ya zo gidan Baffa Siraj da kwalin dabino, ya sumbaci goshin tsohon, ya zauna ƙasa. Bai fara da ciniki ba. Ya kawo masa wani sabon agogo mai manyan lambobi, wanda idan an danna shi mace ke faɗin lokaci, ya ce ya gwada, idan ya yi masa sai a yi magana. Baffa Siraj ya ɗaura shi a hannun dama na 'yan kwanaki. Da magariba a sa masa shi kan sha biyu, kafin gari ya waye ya koma lokacin hukuma da kansa. Ya mayar wa Nizar kayansa, ya ce matar da ke ciki tana da ladabi, amma ba ta jin magana.

Daga nan ya aika a kira masa Uwaid. Uwaid shi ke rubuta sunayen kwalekwale a tashar masunta, tun suna samari suke tsokanar juna. Ya iso shagon Malam Bakur, inda Baffa Siraj ke jiransa, da gwangwanin farin fenti da ɗan buroshi a bayan kunne.

"Ina makahon jagoran? An ce ka rasa hanyar gidanku, mata ke ja maka gora."

"Matso nan, mai ƙarnin kifi. Tun kana bakin lungu na san ka iso."

"To ba ni abin. Da wuƙar fawar kifi zan ɓalle shi, yanzu-yanzu."

Malam Bakur ya dafe agogon da tafin hannu. Ya dubi wuƙar da ke ƙugun Uwaid, ya dubi fuskar Baffa Siraj, ya ga ba wasa a cikinta. Ya yi istigfari a hankali, ya ce gara shi ya buɗe da a yi masa yankan rago, amma da sharaɗi: a bar Nizar ya zo ya ga fuskar a fili kafin a rufe ta da fenti. Aka yi masa waya, ya bar marasa lafiya a layi ya taho.

Malam Bakur ya buɗe bayan, ya zare cikin, ya cire hannayen da 'yar matsefata, ya ɗora fuskar kan faifan shayi ya kai ta bakin ƙofa inda haske ke shigowa. An daɗe rabonta da fitowa fili haka. Baffa Siraj ya juya kai wajen da yake jin numfashin Nizar.

"Ɗana, kai da ka san ta, gaya mini yadda take. Na daɗe ban gan ta ba."

Nizar ya durƙusa. Ya ce tsakiyarta kamar zuma ce a cikin kwalba idan an ɗaga ta a rana. Gefe-gefe ta fi duhu, kamar gahawar da ta kwana. Akwai wasu ƙananan ɗigo masu ƙyalli barbaje ko'ina, kamar yashi a ƙasan ruwa mai tsabta. Ya ce wani abu ɗaya ne bai taɓa gani a wani agogo ba: ɓangare guda ya fi kowane kodewa, tun daga sama ya gangaro kamar jinjirin wata.

Baffa Siraj ya ɗaga hannun hagu ya riƙe iska, kamar yadda yake riƙe ƙarfen gefen jirgi, ya ɗan karkata tsintsiyar. Haka yake tsayawa idan ya juyo da jirgi ya fuskanci gari, rana tana bayansa tana gangarawa, tana dukan gefen nan na agogon, shi kuwa yana sauri ya shigar da mutane kafin ta tafi. Ashe duk yammacin nan ranar tana rubutawa a fuskar agogon. Ya ga kansa a tsaye, rigarsa na kaɗawa, farin garin yana tasowa daga ruwa, tsofaffin alhazai na kuka a bayansa don sun hango ƙasar da suka yi ta mafarki. Malam Bakur ya ga leɓensa na motsi, ya yi zaton ya fasa fentin, har ya fara miƙa hannu ya ɗauke faifan.

"Uwaid, fenta," in ji Baffa Siraj. "Waɗancan jiragen duk sun shigo."

Uwaid, wanda hannunsa ya saba da katakon kwalekwale, ya tsoma buroshi ya fara. Malam Bakur ya tsaya a kansa yana faɗa, ya tsinka fentin, ya rage, kada ya yi kauri hannaye su maƙale, wannan ba gindin jirgi ba ne. Nizar ya fita waje ya tsaya yana kallon tantabaru. Da farin ya bushe aka zana lambobi huɗu kawai, sha biyu da uku da shida da tara, baƙaƙe masu ƙiba, irin na gaban kwalekwale, shidan ma ta ɗan karkace. Hannayen aka yi musu baƙi.

Da aka haɗa shi bayan 'yan kwanaki, Fa'iza ta zo shagon da kanta. Malam Bakur ya saita shi a lissafin tsohon, ya miƙa yana kau da kai, ya ce ko a kasuwar gwanjo ba mai ɗaukarsa yanzu. Baffa Siraj ya ɗaura, ya kawo shi kusa da fuska, ya ɗan karkata wajen haske. Ya faɗi lokacin. Fa'iza ta leƙa, ta kwance agogon daga hannunsa, ta juya hannayen ba tare da ya gani ba, ta sake miƙa masa. Ya sake faɗa daidai, ya ce ta mayar masa yadda yake, kuma ta daina yi wa ubanta jarrabawa kamar ɗan aji ɗaya. Ta yi dariya tana share ido da gefen mayafi.

Ya ce da sauran haske da yawa. Ya ɗauki sandarsa ya yi musu sallama, ya bi lungun da ke gangarawa teku. Fa'iza ta tsaya a bakin shagon tana kallon bayansa, ba ta bi shi ba.

Nizar bai daina zuwa ba. Ranar Juma'a bayan la'asar yakan same shi can bakin ruwa, ya kawo shayi da na'ana'a, su zauna tsohon yana ba shi labarin jirage da sunayen duwatsun da ke ƙarƙashin teku. Sai dai kullum a hannun dama yake zama, kuma idan Baffa Siraj ya ɗaga hagunsa zai duba lokaci, shi sai ya mai da ido kan ruwa.