Kawu Pyo, Mai Zaunar da Keke a Cikin Tebur

Kafin masu babura su fara hawa da gangara da ɗaurin yadi a lungunan unguwar Changsin, Kawu Pyo Man-sik ya riga ya fito, zarto a hannu, fensir a bayan kunne. Bai iya zama ba. Ko miyar taliya aka zuba masa a tsaye yake shanyewa, idonsa na kan teburin masu gida. Aikinsa ɗaya ne tun muna yara: ya yanke tsakiyar katako, ya zaunar da keken ɗinki a ciki, har fuskar keke da ta tebur su daidaita, yadi ya wuce sumul.

Wanda bai taɓa ɗinki ba zai ce wannan ma aiki ne? A tambayi Bong Sun-rye, mai ɗinka wa amare hanbok, kayan gargajiya na siliki. Kekenta ya ɗago sama da tebur, kaurin farce kawai, amma siliki ba ya yafiya. Ya yi ta saƙalewa, ita kuma ta yi ta ɗage kafaɗa tana tallafe shi, har hannun ya daina ɗaguwa. Ɗanta ya ce tsufa ne, ta rufe shago ta koma benensu. Ita kuwa ba abin da take tsoro a duniya kamar zaman benen nan, hannu ba allura.

Kawu Pyo ya zo, ya sa ta ɗinki, yana ta zagaya ta.

"Man-sik, tsaya wuri ɗaya mana, jiri kake sa ni!"

"Yaya, ba ke kika tsufa ba, bakinki ma ko gezau. Tebur ne ya motse."

Ashe da damina aka yanka teburin, katako a kumbure. Da sanyi ya shigo aka kunna na'urar ɗumama daɓe, sai katakon ya bushe ya ja baya, ya bar keke a ɗage. Kawu Pyo ya rataye mazaunin keken a kan notuna, ya juya, ya shafa, ya sake juyawa. Tun daga ranar, farkon damina da farkon sanyi, ba sai an kira shi ba, zai bi shaguna yana rarrafe ƙarƙashin tebura.

Kai ne mai gyaran da ba a gani, Kawu. Kai ne ka mayar wa mata kafaɗunsu, amare suka sha yabo, ba wanda ya ambaci sunanka.

Bana gwiwarsa ta ƙi, zai koma ƙauye wajen 'yarsa. Sun-rye ta kasa zaune ta kasa tsaye, ga sanyi na tafe. Ya zo sallama, ya miƙa mata sifana.

"Shiga."

"Ni? Da furfurata? Ba ka da kunya!"

"Ƙarƙashin tebur ko saman bene, Yaya. Zaɓi."

Ta shiga, tana zaginsa.

Ranar da dusar ƙanƙara ta fara sauka, ɗanta ya zo da mota don ya kwashe ta. Ƙafafunta kawai ya gani sun leƙo daga ƙarƙashin tebur.

"Matsa, ka tare min haske," in ji ta. "Bayan teburina, akwai na maƙwabta."

Mun gode, Kawu Pyo. Je ka, ka gwada zama ko sau ɗaya. Mu kuma da muka rage, duk mai wani abu a hannunsa ya durƙusar da wani ya koya masa, tun gwiwarsa tana lanƙwasuwa.