Ranar da Keken Ilu Wanzam Ya Nutse

Duk wanda aka haifa a ƙauyukanmu na tsakanin Gagarawa da Gumel cikin shekara arba'in ɗin nan, da wuya a ce ba Ilu Wanzam ne ya yi masa askin suna ba. Ni ma shi ya yi mini, kuma har yau in muka haɗu sai ya tuna mini cewa na jiƙa masa wando a ranar. Gajere ne mai ɗan gemu, ba shi da yawan magana sai in aska na hannunsa. Wanzanci gado ya yi. Keken kuwa, baƙi mai kariyar ɗora kaya a baya, da kansa ya sayo shi a kasuwar Maigatari shekarar da ya auri matarsa Hannatu.

Mutane na jingine keke da damina, amma Ilu ya fi son lokacin. Yakan ce da rani yashi ke kama taya har sai ka sauka ka tura, amma da ruwa ya sauka yashin ya kwanta, sai hanya ta yi tauri keke ya riƙa tafiya da kansa. Laka ce kawai abokiyar gabarsa, don haka da an yi shuka yake kwance madigadin gaba, wato murfin taya, ya rataye a zaure, kada ta cushe ta hana taya juyawa. Rigar ruwansa buhun taki ne, ya tura kusurwa ɗaya cikin ɗaya ya kifa a kai, ya sauko masa har gadon baya. Takalmi a kariya, wando a naɗe zuwa gwiwa. Zabirarsa, wato jakar fatar da yake zuba asake da sabulu, ita ke samun gata: leda biyu, sannan ya rataya ta a ƙirji cikin riga. Birki ba ya ci in ya jiƙe, saboda haka tun daga nesa yake fara ja da ƙafa. Da ya dawo gida kuma, kafin ya nemi abinci, sai ya goge sarƙa ya ɗiga mata baƙin mai da yake karɓowa wurin mai injin niƙa.

Shekara shida da suka wuce, cikin watan Agusta, wani Bafillatani mai suna Sajo ya zo har gida ya sanar da shi haihuwa. Rugarsu tana can wajen Sule Tankarkar, kuma wannan ce haihuwar fari bayan shekara tara da aure. Ilu ne ya aske Sajon kansa yana jariri. Ya ce in Allah ya kai mu zai zo.

Ranar suna ana idar da sallar asuba ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Hannatu ta tsaya bakin ɗaki tana kallonsa yana naɗe wando. Ta tuna masa ya haura sittin, ta tuna masa tarin da ya sha bara, ta ce ko Fulanin ma ba za su sa ran ganinsa ba.

"Malam, a bari ya tsagaita mana," in ji ta.

Ya ce kwana bakwai ba ya zama takwas don an yi ruwa. Ta koma ciki ta fito da gumbar fura a leda ta ɗaure masa a kariya.

Tafiya ta yi kyau har ya wuce gonakin gero. Dab da rugar akwai wani kwari da ya saba ratsawa ba tare da ya sauka ba. Ran nan ya tarar ya cika, ruwa ja yana gudu. Ya karyo kara ya gwada, ya ga bai wuce ƙugu ba a gefe. Ya ɗaure zabira a kansa da rawani, ya saɓa keken a kafaɗa ya shiga. A tsakiya ƙafarsa ta faɗa rami, ruwa ya kai masa wuya. Dole ya zaɓi abin da zai riƙe. Ya saki keken, ya dafe zabira da hannu ɗaya, ya yi ta fafutuka har ya kama saiwar wata bagaruwa ya hau tudu. Ya waiga, babu ko alamar keken. Ya ɗan tsaya yana haki, sannan ya kama hanya da ƙafa.

Goggo, mahaifiyar Sajo, ita ta fara hango shi, ba buhu ba takalmi, haƙora na haɗuwa. Ta yi salati, ta yi masa faɗa rabi da Hausa rabi da Fillanci, ta ce da idonta na gani sosai da tuni ta aske jikarta da kanta ta hutar da shi. Aka ba shi rigar Sajo, wadda ta sauko masa har ƙasa, aka hura wuta a bukka, aka tafaso madara. An riga an yanka rago, liman ya raɗa wa jaririya suna Fadimatu, aski kawai ake jira. Aka miƙo ta, Ilu ya ƙi karɓa. Ya ɗaga hannayensa ya nuna musu yadda suke rawa.

"Goggo, kan yarinyar nan ruwa-ruwa ne. A ba ni lokaci."

Ya zauna yana gasa tafukansa a wuta fiye da rabin sa'a, baƙi na zaune suna jira. Da ya ga yatsunsa sun natsu, ya kwance ledojin. Ko ɗigo bai shiga zabirar ba. Ya ɓare sabuwar reza, ya jiƙa kan da madarar da Goggo ta kawo a ƙoƙo, ya yi bisimilla. Har ya gama yarinyar ba ta farka ba. Sajo, wanda ya tsuguna a gefe tun farko, ya sunkuyar da kai yana goge ido da bakin rawani.

Sai bayan la'asar ruwan kwarin ya ja. Sajo da 'yan'uwansa suka bi kwarin da sanduna suna lalube, suka samo keken ya maƙale a gindin wata sabara, ciyawa ta naɗe ƙafafunsa. A amalanken shanu aka mayar da su gida, Ilu da keken da cinyar rago.

Kwana huɗu ya yi yana zazzaɓi. Babban ɗansa Nasrullahi, mai tuƙa mota a Gumel, ya zo ya ce zai saya masa babur. Ilu ya ce babur in ya sha ruwa sai an kira makaniki, keke kuwa shi da kansa ke yi masa magani. Da ya ji sauƙi ya wargaza keken a tsakar gida, ya wanke ƙwayoyin boris na cikin tayoyi da kananzir, ya shanya su a kaskon tuyar Hannatu. Ta yi mita kwana biyu, ta ce wainarta za ta yi warin gareji, amma ita ce ta tsince masa ƙwaya ukun da kaji suka watsar.

Yanzu ya rage nisa. In suna ya faɗo ranar hadari kuma garin da tazara, Nasrullahi kan aiko a ɗauke shi, ya shiga mota yana gunaguni. Na kusa kuwa har gobe da keke yake zuwa. Makon jiya na gan shi ya nufi Gagarawa Tasha ana yayyafi, ya ɗaga mini hannu bai tsaya ba, ya ce askin tagwaye ne.