Kolo Mai Kan Burtu

A shekarun da jirgin ƙasan Turawa ya fara bi ta Malam Madori, an yi wani maharbi a Baturiya, Kolo, mutumin da ko a sahun salla sai ka ga ƙafarsa tana rawa. Amma sana'ar da ya gada ba ta son motsi. Kan burtu yake ɗaurawa a goshi, ya yi rarrafe cikin ciyawar fadama, tsuntsaye su ɗauka ɗan'uwansu ne, har ya matso ya saki kibiya.

Ba zaki ba, ba kada ba, abin da ya addabe shi wani ɗan jan ƙwaro ne da bai kai ƙwayar gero ba. Yakan hau ƙafa, ya laɓe a bayan gwiwa ko inda mazagin wando ya matse, ya bar ƙuraje masu ƙaiƙayin fitar da hankali. Matarsa 'Yar'azumi ce maganinsa. Kafin ya fita takan dama toka da man kaɗe ta shafe shi har ƙugu, ta ɗaure masa bakin wando. In ya dawo, wanka da sabulun salo da ruwan ɗumi, ta bi ƙurajen da jiƙon bagaruwa, tana buge masa hannu in ya kai susa.

Wata shekara da kaka, zazzaɓi ya kwantar da 'Yar'azumi. Ko kunu ta ƙi, ta rame har abin ya ba shi tsoro.

"Malam," in ji ta, da ƙyar, "da romon dinya ne, da na sha."

Kolo sarkin gaggawa, ko tokar bai tsaya nema ba. Ya suri baka, ya faɗa ciyawa haka nan.

Ga dinya, manyan agwagin fadama, can bakin ruwa suna kiwo, sai dai da nisa. Yana rarrafe, tsofaffin ƙurajen suka motsa da gumi, sababbin baƙi kuma suna hawa. Ƙugu wuta, cinya wuta. In ya yi susa ɗaya, kan burtun zai girgiza, garken ya tashi, shi ke nan. Ya cije leɓe, hawaye na bin kumatunsa, yana zagin ƙwaron a zuci har kakanninsa. Mutumin da bai taɓa zama ya gama cin tuwo ba, ranar ya daskare kamar turmi har wata dinya ta matso. Ya sakar mata kibiya, ta faɗi. Ya ruga ya yanka.

Da kansa ya dafa, yana tsaye yana goga ƙafa da ƙafa. Ya tallafo kanta, ya kai mata ludayi. Ta kurɓa, ta yamutsa fuska.

"Wa ya dafa wannan? Ko gishiri babu."

Sai ta riƙe hannunsa da ludayin.

"Ƙaro min."