Littafin Burodina

Shekara tara ina sayar da burodi a bakin titi a unguwar Sabonjida, kuma Turawan da ke zuwa Tamale aikin sa-kai ba sa wuce teburina. Karatuna a firamare ya tsaya, amma Allah Ya yi ni da tambaya. Duk Baturen da ya tsaya da kekensa sai in ɗaga masa burodi in ce, “A garinku me ake ce wa wannan?”

Bajamushe ya ce Brot. 'Yar Holan ta ce brood. Wata nas 'yar Denmak ta ce brød, bakina ya ƙi ɗauka, na sa ta rubuta min. Ita ce ta zauna a bencina ta ce duk tushensu ɗaya da na Ingilishi, wanda mu muka ara. Ta ce wasu masana na ganin asalin ma'anarsa gutsure ne, wasu kuma kumburin ƙullu in ya yi tsami. Na kumburin na yarda da shi, don hannuna ya san shi. Duk wannan na zuba a wani ɗan littafi da ya sha mai da fulawa.

Rannan ɗan wan babana, malamin makaranta a Tishigu, ya gan shi a kan tebur. Ya buɗe, ya yi dariya, ya cusa a aljihu. A gidanmu babba ba ya roƙon abin ƙarami, ɗauka yake, kuma ba a tambayarsa yaushe zai mayar. Na ce, “To, Yaya.”

Wata Asabar da hantsi ina kwaɓa ƙullu tare da Mma, mahaifiyata, rediyo na shirin Hausa, sai ga muryar Yaya. Wai binciken da ya daɗe yana yi! Brot, brood, brød, a jere yadda na jera su. Har nas ɗin ya mayar abokiyar aikinsa. Wallahi ban taɓa jin an ci amanata haka ba.

Mma ta goge hannu ta ƙara muryar rediyon.

“Kin ji masu ilimi,” ta ce. “Ke da kike tsare Turawa da surutu, me kika taɓa samowa?”

“Mma, littafina yake karantawa.”

Ko kallona ba ta yi ba. “Kul! Kar in ƙara jin kina yi wa yayanki hassada.”